Ƙofar da Ta Ɗauki Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

"Kada kowa ya taɓa kwaɗon nan. Kafin ruwan farko ya sauka zan dawo in buɗe ɗakin, in share rariyar da hannuna." Maganarka ce, Auta, ban ƙara mata ko wasali ba. Ka faɗe ta kana tsaye a bakin ɗakin ƙasa, jaka a kafaɗa, makulli a aljihun gaba, yau shekara huɗu da wata biyu. Ka sake faɗarta a waya damina uku a jere, har na haddace inda kake tsayawa ka ja numfashi. Na sa ta a gaba ne don kada ka ce ka manta.

Yanzu kuma, tun da Inna ba ta haifi marar tarbiyya ba, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raba ku da ganin irin abin da muka gani. Mu nan alhamdu lillahi, muna raye, dukkanmu. Inna na nan, Yaya Babba na nan, sai dai ɗingishi, matarsa na nan da muryarta cif, yaransu uku ruwa ya same su a makarantar kan tudu, ko tafin ƙafarsu bai jiƙe ba. Ban taɓa sanin akwai daɗi a ƙirga kawunan mutane ba sai ranar. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, suka cika, na zauna a kan buhun fulawa na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Baba. Duk abin da za ka karanta a ƙasa, ka karanta shi da sanin cewa mai godiya ce ta rubuta. Fushin ma na mai rai ne, wadda ruwa ya ci ba ta da bakin faɗa.

Takarda na rubuto don wayarka ta koyi ringin ba a ɗauka. Kwana goma sha shida da ambaliyar, saƙo ɗaya muka samu daga gare ka, wai Allah ya kiyaye gaba, kana nan tafe. Amin ga rabin farko. Na ba direban da zai kawo maka ita umarnin ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshe, mutum ne mai haƙuri, amma yana da fasinja, don haka kada ka ɓata masa lokaci.

Bari in tuna maka yadda gidanmu yake, tun da alama nisa ta goge maka. Gidan a gangare yake. Ruwan da ya shigo ta ƙofar gaba, da wanda ya zubo daga kwano, hanyarsa ɗaya ce, ya bi tsakar gida ya fita ta baya zuwa babban lambatu. Lokacin da Baba ya ƙara ɗakin ƙasa a kan wannan hanyar, ya binne ƙaton bututu a ƙarƙashin daɓen, ya bar murfin siminti a tsakiyar ɗakin. Kowace shekara, da zarar gajimare ya fara haɗuwa, sai ya ajiye zarto da guduma, ya ce yau ba kafinta, yau ranar rariya ce. Ya ɗaga murfin, Yaya ya zura doguwar sandar ƙarfe yana zungura, ni ina ɗibo bokiti ina kwararawa daga tsakar gida, kai kuma a tura ka baya ka tsaya a bakin lambatu, in ruwa ya fito ka yi ihu ka ce ya fito. Ka lura, tun a lokacin aikinka na baki ne. Abin da muke cirowa kuwa, Allah ya sawwaƙe: leda, yashi, silifa ɗaya, wata shekara har cokulan Inna uku da aka yi ta zargin maƙwabta. Baba yakan ce gidan da aka share masa maƙogwaro ba ya shaƙewa. Aikin rabin yini ne, kuma shekara talatin ruwa bai taɓa kwana a tsakar gidan nan ba.

Sauran ka sani, amma zan faɗa, domin na daina tsallake laifina. Baba ya rasu, ya bar akwatin ƙarfen nan da kowa ya yi imani takardun gida na ciki. Na ga murfinsa a karkace na ce Yaya ne ya buɗe shi a ɓoye. Yaya ya ce ni da na yi boko na iya karatu, ni ce na san takardar da ake zarewa. Na ce masa mai walda ba ya rasa abin buɗe akwati. Ya ce mini bazawarar da ta dawo gidan ubanta ta fi kowa buƙatar takardar gida. Daga wannan kalmar ban sake yi masa magana ba, shi ma haka. Kai ne ka shiga tsakani, kuma a ranar na yaba maka. Ka ce a kwashe kayan Baba duka a zuba a ɗakin ƙasa tun da rabonka ne, ka sa kwaɗo, ka riƙe makulli, in zukata sun huce a zauna a buɗe gaban kowa. Dabara ce mai kyau, ta wata uku. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa murfin rariya na cikin ɗakin, sai kai da ka tuna a bakin ƙofa, ka yi alkawarinka, ka tafi.

Damina uku ruwa na taruwa a tsakar gida har idon sawu, yana yini kafin ya tsiyaye. Ni da tsintsiyata a gefen Inna, matar Yaya da tata a gefensu, muna tura wa juna ruwa kamar masu wasan ƙwallo. Yaya yana da abin yankan ƙarfe wanda zai cire kwaɗon nan kafin a ce kwabo. Ni ina da guduma. Amma duk wanda ya fara taɓawa, shi ne ɓarawon gado, ɗayan kuma ya samu abin da yake jira. Haka muka zauna, mutum biyu masu furfura, muna gadin kwaɗo kamar kabarin waliyyi. Na karanta tarihin garuruwan da suka faɗi saboda sarakunansu biyu sun ƙi gaisawa, na koya wa yara shekara ashirin da biyu, ina girgiza kai ina cewa ku dubi wauta. Ashe da tsakar gidanmu nake.

Ruwan bana ya fara ranar Asabar bai ɗauke ba. Ranar Talata da hantsi, ina ba Inna shayi da cokali, domin ka tuna, ko kuma bari in ce ka ji labari, ɓarin jikinta na hagu ya shanye tun bara waccan, sai na ji titi na ƙugi kamar manyan motoci sun jeru. Kogi ne ya fasa gaɓa daga sama, ya biyo unguwa. Zan yi maka adalci: ba kai ka fasa kogi ba, kuma ko rariya goma gare mu sai ruwa ya shigo. Ya shiga gidan kowa a layinmu. Amma a gidajen mutane shiga ya yi ta gaba ya fita ta baya, iyakarsa gwiwa. A namu ya shigo ya tarar ba hanya, ya tsaya, ya fara hawa. Gidan Baba ya zama randa, mu ne a ciki.

Ga abin da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Ruwa na kan ƙwauri, na ɗauko guduma na nufi ɗakin ƙasa. Na iske Yaya a can, abin yankan ƙarfe a hannunsa. Muka tsaya. Ya dubi kwaɗo, ya dube ni. Na dubi kwaɗo, na dubi bango. Kowa na jira ɗan'uwansa ya ce a fasa, don gobe a ce shi ya ce. Auta, bokitai na yawo a kusa da mu, tabarmar Inna ta wuce mu tana lilo a kan ruwa, Inna na kwance a ɗaki ba ta iya ko juyawa, mu kuma muna tsaye muna lissafin wa zai ɗauki laifi. Ban san minti nawa ba ne. In biyar ne, sun fi shekara huɗun muni.

Matar Yaya ce ta raba mu. Ka san sunan da na sa mata tun tana amarya, Gidan Rediyo, domin ba a kashe ta kuma ba a rage mata murya. Ta keto ruwan nan zani a ɗaure a ƙugu, ta fizge gudumar daga hannuna har sai da na yi tangaɗi. Ta ce mu biyun Allah ya shirye mu, wai ta auro cikin gidan masu ilimi ashe gidan gumaka ne. Ta ce ita ba ta da gadon ko ƙusa a gidan nan, don haka gobe mu tara unguwa mu ce ita ce ɓarauniya, ta yarda, a rubuta a manna mata a goshi. Duka uku ta yi wa kwaɗonka ya faɗa ruwa. Shekara goma sha tara ina yi wa matar nan kallon gwangwanin da ba komai a ciki, ina gyara mata magana a gaban baƙi. Na nemi gafararta, ta ce in bari sai ta gama ba mutane labari tukuna, don in na tuba da wuri labarin zai rage daɗi.

Muka tura ƙofa, muka shiga. A nan ne na ga aikinka. Buhunan simintin da ka saya za ka yi wa ɗakin shafe, guda goma sha ɗaya, ka rasa inda za ka jera su duk faɗin ɗakin sai a kan murfin rariya. Damshin shekara huɗu ya shige su, sun haɗe sun zama dutse guda. Yaya ya sa kafaɗa, na sa hannu, Rediyo ta yi ta dukansu da guduma tana kiran sunanka da wasu laƙabai da ba zan sa a takarda ba saboda 'yan biyu sun fara karatu. Ko gezau. Ruwa ya kai cinya. A nan Yaya ya bar siminti ya juya ya dubi ƙofar.

Wannan kam dole in gode maka, kuma da gaske nake. Ƙofar da ka sa wa ɗakin ta katako ce mai kauri, mai faɗi, ba irin ta kwano da muke da ita ba. Na tuna na yi maka tsiya lokacin, na ce ƙofar banki a ɗakin gwauro. Yaya ya yanke maƙalanta biyu, muka kwantar da ita a kan ruwa, muka tura ta har bakin gadon Inna. Ruwa ya riga ya taɓa katifa. Inna ba ta yi ihu ba, tana ta salati a hankali, ta rungume matashin kanta da hannun da ke aiki. Muka mirgino ta kan ƙofar, muka ɗaure ta da zanin gado. Na ce ta saki matashin ya jiƙe ya yi nauyi, ta harare ni irin hararar da ka sani, na bar mata shi. Yaya a gaba, ni a baya, Rediyo ta wuce tana buɗe hanya. Kafin mu kai zaure ruwa ya kai mini ƙirji.

A zauren ne Yaya ya yi mini magana, karo na farko a shekara huɗu. Kada ka zaci wata kalma ce mai daɗi. Cewa ya yi Sarkin Musu, wato ni, ta ɗaga ɓangarenta, kan Inna na nutsewa. Na ce masa nasa ɓangaren ne ya karkace, ya buɗe ido ya duba. Ya ce ko a bakin kabari sai na yi gardama. Na ce ai gado na yi, kuma wannan gadon ba a sa masa kwaɗo ba. Sai muka ji ƙofar na girgiza, muka tsorata, ashe Inna ce ke dariya, hawaye na gangaro mata cikin kunne. Ta ce da ta san ruwa ne maganinmu da tuni ta sa an toshe rariyar da kanta.

A titi ruwan gudu yake, ja wur, ɗauke da kujeru da awaki da rabin shagon wani. Wani kwano da ya ɓalle ya yanki Yaya a ƙwauri, ya ci gaba da jan ƙofar, sai daga baya muka ga ƙashi. Da mu biyu ne kawai da ruwan ya kwashe mu, domin ƙafata ta bar ƙasa sau biyu. Muryar Rediyo ce ta keta ƙarar ruwan ta kai benen mai burodi, can tsallaken titi. Shi da ma'aikatansa suka jefo igiyar da suke jan buhuna da ita, Rediyo ta cafke ta ɗaura a hannun ƙofar, maza shida suka ja mu kamar masu jan kifi. Muna kan matakala ta huɗu, ina kwance zanin da muka ɗaure Inna da shi, muka ji wani irin gum daga gidanmu. Bangon ɗakin Inna ne ya kwanta a kan gadonta. Na je na gani bayan kwana uku, ƙafar gadon ɗaya ce kawai ke leƙowa. Tsakaninmu da wannan bai fi lokacin da za a dafa shayi ba. Duk sanda na ɗaga goshi daga sujada sai na ga ƙafar gadon nan, in koma in ƙara wata.

Ba kowa ya samu irin rabonmu ba. Tsohon nan mai gyaran takalmi na bakin kwana, wanda yake yi maka ɗinki kyauta in ka yaga na makaranta, an same shi washegari a bayan gareji. Mai ɗinkin labule ta rasa jaririyarta. Allah ya jiƙansu, ya ba nasu haƙuri. Idan na tuna su sai in ji kunyar ambaton littattafaina, amma kai ka san abin da suke a wurina. Tarin shekara talatin, sun kumbura kamar burodin da ya sha yis, shafuka sun manne. Mai burodi ya bar ni na shanya su a kan rufin gidan wutarsa, wajen arba'in sun tsira, suna ƙamshin toyi. Bawan Allahn nan ya kwashe fulawarsa gefe ya ba mu ɗakin ajiyarsa na sama, mu bakwai, kullum da safe ga burodi mai zafi an turo, in na buɗe baki zan yi godiya sai ya ce Malama ki bari, Baba ne ya yi masa teburin murji na farko. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke Yaya a tsaye ta yi aikin, ruwa na kan gwiwarta. Ban san sunanta ba, amma tana cikin addu'ata.

Akwatin ƙarfen kuwa, mun buɗe shi. Ni da Yaya da Rediyo da mai burodi a matsayin shaida, a gaban Inna. Ka shirya? Kurfin sassaƙa biyu masu tsatsa, ma'aunin kafinta, tabaran Baba da ya karye, da katunan sakamakon jarrabawarmu mu uku tun daga aji ɗaya, an ɗaure da roba, sun zama dusa. Ba takardar gida ko ɗaya. Na dubi Yaya, ya dube ni, na ji tsohon zargin yana ɗago kai a ƙirjina, wallahi na ji shi. Sai Inna ta ce a miƙo mata almakashi. Ta sa Rediyo ta farke matashin nan da ta ƙi saki, ga takardun a naɗe cikin leda uku, ko ɗigo bai taɓa su ba. Tun Baba na asibiti ya ba ta. Na ce Inna, shekara huɗu muna gaba a kan abin da kike kwana a kai, me ya hana ki faɗa? Ta ce wa ya tambaye ta? Ta ce mun yi ta ihu a kanta kamar ita ma kayan gado ce, kuma ta san ranar da takardun suka fito ranar za mu kira mai awo a yanka gidan uku, ita kuma ba ta ga ɗakin da za ta bi ba.

Ni da Yaya yanzu muna magana. Ba zan ce maka mun zama zuma da madara ba, jiya ma mun yi musu a kan yadda ake naɗe bandeji. Amma ni nake wanke masa ciwon safe da yamma, shi kuma da ya ga ina jera littattafai a kan rufi ya aika aka ɗauko masa ragowar ƙarfe, yana zaune ƙafa a miƙe yana haɗa mini kanta. Bai ce don ni ba ne, ya ce hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Kalmar da ya faɗa mini shekara huɗu da suka wuce, ya janye ta ranar da aka cire masa zare, yana kallon taga. Ni ma na janye tawa, ina kallon ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, mun gwada, bai yanku ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Injiniyan da aka turo duba gidajen layinmu ya zagaya namu, ya ce sauran bangon zai gyaru, amma ba zai sa hannu a koma ciki ba sai an rushe ɗakin ƙasa, an buɗe hanyar ruwa a fili yadda take kafin Baba ya gina a kai. Zai dawo ranar ashirin da biyar ga wata. In ya tarar da ɗakin a tsaye, zai shafa wa gidan jan fenti, alamar an hana shiga, sai kuma bayan damina a sake magana. Ni na yarda a rushe, Yaya ya yarda. Inna ce ta ce a'a. Ta ce ɗakin Auta ne, ba mai taɓa shi sai Auta ya zo ya faɗa da bakinsa, ta ga fuskarsa yana faɗa. Matar da simintinka ya kusa kashewa, ita ce ke tsare maka bango. Kuma ba za ta kai bayan damina a inda take ba. Ƙurar fulawa ta sa mata tari, tun shekaranjiya yake fita da ƙyar. Cokali uku take ci ta kau da kai. Kullum sai ta sa a juya ta wajen taga don ta hango rufin gidanta, ta ce ita dai a mai da ta, ko a tabarma ne, a can take so ta ƙarasa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Yaya. Inna ba ta san zancen simintin ba, mun ce mata yashi ne ya toshe bututun. Kuma ba ta san ka yi shiru ba. Kullum da la'asar nakan fita matakala da waya a kunne, in yi minti biyar ina magana da iska, in dawo in ce Auta na gaishe ki, ya ce yaya tarin, ya ce wurin aiki ne suka hana shi amma yana hanya. Har tambayoyi nake ƙirƙiro maka, kuma ka iya tambaya, ka fi na gaske kirki. Sai ta yi murmushi ta ce ai ta sani, Autanta ba ya mantuwa. Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina korar yara daga aji saboda ƙarya.

Na san abin da ya riƙe ka, ba aiki ba ne. Kunya ce. Tun kana ƙarami in ka fasa kofi sai ka ɓuya a bayan tanki har a gama nema, kana ganin in ba a gan ka ba kofin bai fashe ba. Kowace damina da ka saɓa ta ƙara wa ta gaba nauyi, yanzu kuma ka ji bango ya faɗi, kana ganin ba ka da idon da za ka dube mu. To ka dube mu, mu ne muka tsaya da guduma da abin yanka a hannu muka kasa. Laifin nan kashi uku ne kamar gidan, ka zo ka ɗauki naka, bai fi namu nauyi ba. Ba aike nake so ba, ba saƙo ba, ƙafarka nake so, zumunta a can take. Ba zan yi maka alkawarin ba za ka sha faɗa ba. Zan yi maka na awa ɗaya, Rediyo ta ce a bar mata biyu, Yaya ba zai ce komai ba, wanda ya fi duka zafi. Daga nan a zuba maka abinci ka ci, ka shiga wurin Inna.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na gode da barguna da maganin tarin da ta aiko a ɓoye, na gane rubutunta a jikin kwalin, Allah ya saka mata, ita ta fi ka sanin hanyar tasha. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce Gwaggo Malama ta tsirar musu da littafin dabbobin nan, giwar ce kawai ta rasa hanci. Ka gai da surukarka da jiki, da Kawu na wajenku in kuna haɗuwa. Yaya Babba na gaishe ka, ya ce in rubuta haka kawai. Gidan Rediyo ta ce a gaishe ka da kyau, wai ka ci ka ƙoshi kafin ka iso. Yaransu na tambayar Baba Ƙarami. Mai burodi ma ya ce a gaishe ka.

Ina jiranka zuwa ranar Juma'a, ashirin da biyu ga wata, kafin rana ta faɗi. Mota biyu ke tasowa daga wajenku kullum, na tambaya. In ka zo, kai za ka fara kai wa bangon guduma, mu bi bayanka, Inna na kallo daga taga. In ba ka zo ba, Asabar da safe Yaya zai cire kwanon, ni zan fara dukan bangon da hannuna, mu kwashe dutsenka mu buɗe wa ruwa hanya, in mai da Inna gidanta kafin tarin nan ya fi ƙarfinta. Amma kafin in ɗaga gudumar zan zauna a gefen shimfiɗarta in gaya mata dalilin da ya sa ba za mu ƙara jiranka ba: abin da ke kan murfin rariya, da wanda nake magana da shi a matakala. Ba na so in yi, Allah ya sani. Kada ka sa ni.

Allah ya kawo ka lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ba ta fasa sonka ba, ba ta kuma huce ba,
Malama